Tambaya da Amsa: Kuɗin Blokaj Ɗaya Muke da Shi, Gaba Za Mu Sa ko Baya?

TAMBAYA

Malam, ni direba ne ɗan asalin jihar Tawa, neman abinci ya ajiye ni a Abalessa ta ƙasar Aljeriya. Ina jan Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, HZJ79, irin wadda mutanen nan suke kira Station. Aikina kai duro-duron ruwa da buhunan gari da abincin dabbobi zangon makiyaya tsakanin Abalessa da Silet, wani lokaci kuma in kai kayan lambu kasuwar Tamanrasset. Inda nake shan wuya shi ne fitowa daga kori, wato busasshen rafi, musamman in gaɓar ta zo a karkace. Sai ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya su yi ta juyawa a banza, motar ta tsaya cak, ko da na sa kirabo, wato jan ƙafa huɗu. An ce mini maganin abin blokaj ne, mai kulle ƙafar dama da ta hagu su juya tare. Ni da maigidana mun tara abin da zai sayi guda ɗaya kawai. Wani makanike ya ce a sa a pon ɗin gaba, domin can nauyin inji yake, kuma gaba ke jan baya. Wani ya ce a baya. Na uku ya ce kar mu ɓata kuɗi, shi zai yi wa pon ɗin baya walda ya haɗe shi har abada. Malam, wanne za mu ɗauka?

Daga wani direba a Abalessa

AMSA

Allah Ya sa wa nema albarka. Ku sa shi a baya, kuma ku sayi irin wanda kai ne za ka kunna ka kashe da hannunka daga mazauninka. Waldar nan kuwa kada ku yarda da ita ko kyauta ce. Amma tunda sai ka gamsar da maigida, kuma makaniken farko ba da ka ya yi magana ba, bari mu bi abin daki-daki.

A tsakiyar kowane aksul, wato pon yadda kuke faɗa a can, akwai dunƙulen ƙarfe mai ɗauke da difaransiyal. Furofela ce ke kawo masa ƙarfin inji, shi kuma ya raba wa ƙafar dama da ta hagu. An yi shi ne saboda kwana. Tsakanin ƙafafun motarka akwai wajen mita ɗaya da rabi, saboda haka in ka juya ka koma inda ka fito, ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 5. Dole a bar ɗaya ta fi ɗaya sauri, in ba haka ba taya ce za ta goge ko ƙarfe ya murɗe. Ƙananan giyoyin da ke ciki su ke ba da wannan dama. Illarsu ita ce kullum daidai-wa-daida suke raba ƙarfi. Ƙafar da ta rasa abin takawa ba ta buƙatar wani ƙarfi kafin ta juya, to iya wannan ɗan ƙarfin ita ma ƙafar da ke ƙasa za ta samu. Ko injin ya yi kukan duniya ba za ta samu ƙari ba.

Yanzu duba abin da ke faruwa da kai a bakin kori. Ka fuskanci gaɓa a karkace, ƙafar hagu ta gaba ta riga hawa. Motar ta ɗaga kafaɗa ɗaya, nauyinta ya koma kan ƙafafu biyu da ke kallon juna ta kusurwa: hagun gaba da damar baya. Sauran biyun sun yi sakayau, damar gaba tana lilo a iska, hagun baya tana shafar yashi sama-sama. Kirabo ya ɗaure furofelar gaba da ta baya, gaskiya ne, amma ikonsa bai wuce nan ba. A gaba ƙarfi ya zube ta ƙafar da ke iska, a baya ya zube ta wadda ke watsa wa yaron motarka yashi a fuska. Ƙafafu biyun da ke riƙe da tan uku suna tsaye ba sa motsi. Blokaj yana zuwa ne ya ɗaure sandunan aksul ɗaya su juya tare, ko ƙafa tana ƙasa ko tana sama.

A lissafin takarda, duk aksul ɗin da ka kulle zai ba ka ƙafa ɗaya mai ja. Tambayar ita ce wacce daga cikin biyun ta fi danne ƙasa, domin taya tana kama ƙasa ne gwargwadon nauyin da ke kanta. Makaniken farko ya dubi injin 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, zubin ƙarfe tun daga sama har ƙasa, ya ce nauyi yana gaba. Haka ne in motar ba kaya kuma tana tsaye a fako. Kai kuwa ba a haka kake maƙalewa ba. Duro huɗu na ruwa kilo 800 ne kafin a ɗora buhu ko ɗaya, kuma kusan dukkansu a kan aksul ɗin baya suke zaune. Sannan da zarar hancin mota ya kalli sama, wani kaso na nauyin gaban ma sai ya sulale ya koma baya. A daidai lokacin da kake neman taimako, ƙafar baya da ke ƙasa ita ce mai riƙo mafi ƙarfi a motar gaba ɗaya, kuma ita ce difaransiyal ya bari zaune ba aiki. Ita za ka ba wa ƙarfi.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina, shi ne ƙarƙo. Babban faifan giyar aksul ɗin baya na motarka inci 9.5 ne, na gaba inci 8. Sandunan baya miƙaƙƙu ne, daga tsakiya zuwa ƙafa ba gaɓa. Na gaba kuwa dole su lanƙwasa tare da sitiyari, shi ya sa a cikin ƙwallon da ke bayan kowace ƙafar gaba akwai gaɓar Birfield, ƙwallayen ƙarfe shida cikin keji. Tana da ƙarfi in ƙafa na miƙe, ƙarfin yana raguwa gwargwadon yadda ka murɗa sitiyari. Idan ba a kulle gaba ba, ƙafar da ke juyawa a banza ita ce ke kare wannan gaɓa, domin ƙarfin da ya yi yawa yana samun mafita. Ka kulle, mafita ta toshe, duk abin da inji da ƙaramar giya suka haɗa zai iya taruwa a kan gaɓa ɗaya.

Yadda take karyewa kusan hanya ɗaya ce. Direba ya gwada gaba ta ƙi, ya sa ribas, ya murɗe sitiyari har ƙarshe don ya kauce wa dutse, ya taka totur. Ƙafar ta yi tsalle, ta juya a iska, ta faɗo ta kama dutse farat ɗaya. Sai ka ji ƙas. Ribas ɗin ma yana da nasa sharri, domin an yanka haƙoran giyar gaba ne su yi ƙarfi wajen tafiya gaba, in ana ja da baya da kaya gefensu mai rauni ke ɗaukar aikin. Wani zai ce ai in gaba ta karye sai a mayar da maɓallan tsakiyar ƙafafun gaba kan FREE a lallaɓa gida da baya kaɗai. Sau da yawa hakan yana yiwuwa. Amma wani lokaci ɓaraguzan kejin suna cushewa cikin ƙwallon su hana sitiyari juyawa, sai an kwance ƙafar a wurin an kwashe su. Ko an kwashe ɗin ma, ka koma mota mai jan ƙafa biyu a cikin korin da mai huɗu ta kasa fita.

Ina nanata wannan ne saboda ƙasar da kake aiki a cikinta. A Ostareliya ko Amurka masu hawan duwatsu don nishaɗi suna karya aksul su kira abokai a jawo su. Yamma da Silet ba haka ba ne, ana doshin hamadar Tanezrouft ne. Mutanenmu ba su manta Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Nijar tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motoci biyu da suka ɗebo su zuwa Tamanrasset sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu. Motar da ta maƙale ana haƙa ta da shebur a fitar. Wadda ta karye sai an kawo ƙarfe daga gari. Duk abin da za ka ƙara wa motarka, ka fara tambayar wanne daga cikin biyun nan yake kusantar da kai.

Sai maganar sitiyari. Aksul ɗin da aka kulle ba ya son kwana, so yake ya miƙe. A baya za ka ji motar tana ɗan tura hanci waje, amma tana jin magana. A gaba sitiyari yana yin tauri, ka murɗa ta ci gaba da tafiya inda ta ga dama. A faffaɗan kori wannan ba komai ba ne. A hanyar Assekrem, inda direbobin masu yawon buɗe ido ke hawa sama da mita 2,700 ta kwanoni masu kaifi da rami a gefe, mutum ba zai iya barin gaba a kulle ba sai na 'yan mitoci. Na baya kuwa kana iya kunna shi tun daga gindin gaɓa ka bar shi har ka haye. Shi ma dai yana da wurin da ake tsoronsa: in kana ratsa gangare ta gefe a kan tsakuwa, ƙafafun baya biyu suka zame tare, babu wadda ta rage ta riƙe, sai gindin motar ya sulale ƙasa. A irin wannan wuri ka kashe shi.

Su kansu masu ƙera motocin sun yanke wannan hukunci tun tuni. Land Cruiser da ta fito daga kamfani da blokaj biyu tana da ɗan maɓallin murɗawa kusa da sitiyari. Murɗawar farko RR ce, baya kaɗai. Ta biyu ita ce ke ƙara FR. Babu yadda za ka kulle gaba ka bar baya a buɗe, kuma ba ya shiga sai motar na tafiya ƙasa da kilomita 8 a awa. Mercedes G ta Jamus tana da maɓallai uku masu lamba, tsakiya, sai baya, gaba ce ta ƙarshe. Jeep Rubicon ma baya take fara kullewa. Sababbin Hilux da ke zuwa da blokaj ɗaya, a baya aka sa shi.

To ina gaskiyar makaniken farko take? Tana wurin motar da bayanta ya riga ya sami mataimaki. Akwai difaransiyal mai faifan kuloci a ciki, wanda ake rubuta wa LSD, ba ya kullewa gaba ɗaya amma yana hana ƙarfi zubewa duka ta ƙafa ɗaya. Na Nissan Patrol, Y60 da Y61, ya yi suna wajen riƙo da daɗewa, shi ya sa masu Patrol da yawa suke kai blokaj ɗinsu na farko gaba, su sami taimako a aksul biyu da kuɗin ɗaya. Wannan lissafi ne mai kyau. Haka motocin da ƙafafun gabansu ke cin gashin kansu, kamar Hilux ta zamani da Prado: gabansu ba ya miƙa ƙafa ƙasa sosai, saurin ɗaga ta yake, don haka can ƙarfi ya fi zubewa, ko da yake sandunansu sun fi na motarka rauni. Akwai kuma wurin da gaba ce kaɗai ke da amfani, kamar dakalin dutse da dole ƙafar gaba ta kama ta haye kafin baya ta sami abin yi. Mai motar da ke tafiya ba kaya a cikin duwatsu zai iya tsayawa ya yi tunani. Ba aikinka ke nan ba.

Wasu HZJ79 ma sun zo da LSD a baya, don haka kafin ku kashe ko sisi ku gwada. A sa wa ƙafafun gaba duwatsu, a ɗaga bayan motar ƙafafu biyu su bar ƙasa, a saki birkin hannu, giya a furi. Ka kama taya ɗaya ka juya, yaronka ya dubi ɗayar. In ta bi ta ɓangare ɗaya suna tafiya tare, akwai LSD. In ta juya baya-baya ko ta tsaya, a buɗe yake, ko kuma faifan sun cinye. Ko sun tafi tare, ka ce yaron ya rungume tasa da ƙarfi. Idan ya iya tsayar da ita kana juya taka ba wahala, wannan LSD suna ne kawai ya rage. Na Toyota ba a san shi da daɗewa ba, kuma yadda ka ce ƙafar baya ɗaya na juyawa a banza ya riga ya ba ni amsa. Gwajin dai ba ya cin kuɗi, kuma maigida zai gani da idonsa.

Walda kuwa, araha ba ta ado. Abalessa tana wajen kilomita 80 yamma da Tamanrasset, kuma kwalta kake bi ka kai kayan lambu. A kan kwalta ƙafafun da aka haɗe har abada ba su da inda za su zame cikin sauƙi. Kowace kwana taya tana gogewa, sanduna suna murɗuwa suna warwarewa, da tan ɗaya a kansu, har ranar da ɗaya za ta gaji ta tsinke. Kuma mota mai tsayi da lodi a sama wadda ba ta son kwana, ranar da raƙumi ya faɗo maka hanya za ka so a ce tana jin sitiyari. Akwai kuma blokaj mai kulle kansa, irin Detroit Locker da ƙananan da ake cusawa cikin difaransiyal. Yana da ƙarƙo, ba waya ba tiyo, amma shi ke zaɓar lokacin da zai kama da lokacin da zai saki, wani sa'in a tsakiyar kwana da ƙara da fizga. Wasu suna sa irinsa a gaba, tunda in maɓallan ƙafa na kan FREE ba ya aiki sam. Dabara ce mai sauƙin kuɗi, sai dai da zarar ka sa kirabo ya kama ke nan, ba ka da ikon kashe shi a wurin da Birfield ke neman sauƙi.

Blokaj na hannu da aka fi samu a kasuwa iri biyu ne. Akwai mai aiki da iska, wanda kamfanin ARB na Ostareliya ya shahara da shi, akwai mai lantarki irin ELocker na Eaton. Ni na fi karkata ga na iska saboda dalili ɗaya: dole ya zo da kwamfaresa, kuma in kun sayi babba wanda zai iya hura taya, kun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Lallai a bi da tiyonsa nesa da salansa, a ɗaure shi inda dutse ba zai tsinke shi ba, ka kuma ajiye guntun tiyo da mahaɗi a akwatin kayan aiki.

Kafin a yi oda ka tsuguna ka dubi tsakiyar ƙafar baya. In akwai ƙarfe da ya turo waje kamar gwangwani, da ƙananan noti shida kewaye da bakinsa, aksul ɗinka irin wanda sandarsa ba ta ɗaukar nauyin mota ne, juyi kawai take kaiwa, ko ta karye ƙafa ba za ta fita ba. In wurin a shafe yake, ɗaya irin ne, wanda sanda ke ɗauke da ƙafar. Blokaj ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai iri na biyu sai ya ƙara sassauta ƙafa a kan totur. A zare sanda ɗaya a ƙirga tsagin bakinta, domin wasu 30 ne wasu 32. Idan kuma kuka sami tsohon aksul da ya zo da blokaj ɗin Toyota tun asali, ku saye shi sukutum, kada ku ɗauki dunƙulen kaɗai, ba zai zauna a gidan naku ba sai da gyare-gyare. Ku tabbatar lissafin giyarsa ɗaya ne da na gabanku, don akwai 4.11 akwai 4.30, in suka saɓa gaba da baya za su yi ta faɗa duk lokacin da ka sa kirabo. Ɗaurin ma ba aikin gindin bishiya ba ne. A kai wa wanda yake da agogon auna tazarar haƙoran giya, yake shafa musu fenti ya ga inda suke haɗuwa. In aka yi kuskure a nan, kuka za ta fara, daga baya haƙora su zube.

Abu ɗaya da ba na so ka sa rai a kansa shi ne yashi mai laushi. A tsakiyar kori inda ƙafafu huɗu suke nutsewa daidai, blokaj ba ya ɗaga mota, sai ma ya sa ƙafafun baya biyu su haƙa tare har aksul ya zauna. Maganin wannan rage iskar taya ne tun kafin ka shiga, ka sauko wajen kilo ɗaya da rabi gwargwadon lodinka, ka tafi a hankali don kada tayar ta yi zafi, ka mayar da iskar da zarar ka hau duwatsu, domin baƙin dutsen wajen Silet yana yanka gefen taya mai laushi. Shebur da farantan ƙarfe na shimfiɗawa su ci gaba da zama a motar. Bayan ruwan Agusta da Satumba, in kori ya yi gudu ya janye, saman laka yana bushewa ƙasa na jiƙe. Ka sauka ka taka da ƙafarka tukuna.

Wajen aiki da shi, ka kunna kafin ka shiga wurin wuya, motar na tsaye ko tana rarrafe. Kada ka taɓa danna shi ƙafa na juyawa a banza, haƙoransa za su ci karo ne. Ƙaramar giya, totur kaɗan kuma bai ɗaya, in za ka iya fuskantar gaɓa kai tsaye ka fuskance ta. Da ka haye ka kashe, ka ɗan karkaɗa sitiyari ya saki, ka ga fitilar ta mutu kafin ka ƙara wuta. Ko ba ka buƙace shi ba, ka riƙa kunna shi a kan ƙasa lokaci-lokaci don kada ya daskare. Kuma ka sani zai kai ka wuraren da da can motar ba ta isa, inda mai zuwa jawo ka shi ma sai ya sha wuya, saboda haka doguwar hanya a yi ta da mota biyu da ruwan sha na kwanaki.

Ka gaya wa maigida: na baya, na hannu, da kwamfaresa mai hura taya. In Allah Ya hore kuɗin na biyu nan gaba, kuma tayoyi da gaɓoɓin Birfield suna da lafiya, sai a yi maganar gaba. Ka rubuto mana bayan damina mu ji yadda ta kaya. A gaida mutanen Abalessa, Allah Ya kiyaye hanya.